Rigar da Ta Ƙi Shiga

Hedimasta bai yi sallama ba da ya shigo shagona ran Talata da hantsi. A bakin ƙofa ya tsaya, hannuwa a baya, yana dubana kamar ɗalibin da aka kama yana gyangyaɗi a aji.

"Tela, tsayar da amalanken nan. Magana na zo yi."

Na ɗauke ƙafa daga kan feda. Keken ɗinkin ya ƙara juyi biyu don kansa, kamar tsohon da ba ya son a katse masa zance, sannan ya yi shiru.

"Sannu da zuwa, Yaya. Ga kujera."

"Ni ba yayanka ba ne, kuma ba zama ya kawo ni ba."

Gaskiyarsa. Yayan Auta ne. Shekara uku ke nan da ya yi ritaya daga makaranta, amma har yau duniya gaba ɗayanta aji guda ce a wurinsa, mu kuma duk mun makara.

Auta kuwa ita ce matar da nake so. Na faɗa kai tsaye, don mutumin da ya kai arba'in da takwas, ga sanƙo ga gwiwa mai ƙara, ba shi da sauran lokacin kewaye-kewaye.

Mahaifinsu ne ya koya mini ɗinki, Allah ya jiƙansa. Baƙin keken ƙafar nan da Hedimasta ke kira amalanke ma nasa ne, shi ya bar mini. Ina gabansa ina koyo Auta ta yi aurenta na fari. Ban ce uffan ba, don a lokacin abin da na mallaka a duniya almakashi ne, shi ma na Baba ne. Daga baya ni ma na taɓa auren. Shekara huɗu matar ta yi, ta ce ta gaji da zama da namijin da ya fi hira da keke a kan mutane. Ban ga laifinta ba. Har ɗaurin kaya na taya ta.

Mijin Auta ya yi shekara shida a kwance kafin ya rasu. Shekara biyu ke nan da ta dawo gidan Innarsu, ita da 'yarta budurwa. Shekara guda cur na yi ina kai wa Inna gaisuwar da ba ta nema ba, kafin Allah ya buɗe mini baki. Ranar da na faɗa, Auta ta dube ni ta ce, "Ai na zaci sai mun haɗu a lahira za ka yi magana."

Ranar nan a ƙasa na dawo shago, na manta da babur na je. Sai da na koma na ɗauko shi.

"Mai Injuna ya sake zuwa ya same ni kan neman auren Auta," in ji Hedimasta. "Ka san shi ai."

Wa bai san shi ba? Keken lantarki ashirin da huɗu a jere ƙarƙashin rufi ɗaya, fanka na kaɗawa, ma'aikata sanye da riga iri ɗaya. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun girma. Wata shida na yi ina neman abin zagi a jikin mutumin nan. Abin da na samu kawai, yana gyaran murya kafin ya yi magana.

"Na je na gani da idona. Yarinya ta taɓa feda da ɗan yatsa, kafin ka ƙifta ido hannun riga ya fito. Kai kuma kana nan tun safe kana tuƙa keken da ba ya zuwa ko'ina."

"Keken Baba ne fa."

"Na fi ka sani. A kansa na ga ƙafafun Baba sun kumbura har takalmi ya daina shiga." Ya sassauta murya, abin da ban taɓa jin ya yi ba. "Tela, ni ban tsane ka ba. Amma ƙanwata ta yi shekara shida tana ɗaga namiji tana kwantarwa. Tun daga bakin titi nake jin kukan gwiwarka. Ba zan miƙa ta ta sake wata jinyar ba."

Na so in ce masa ba gwiwata ba ce, fedar ce ke son mai. Da na motsa zan yi magana, sai gwiwar ta amsa da kanta.

"Ran Asabar 'yarta za ta karɓi takardar gama makarantar jinya. Kowa zai hallara gidan Inna da safe, daga nan a wuce wurin taro. Kafin a fita Auta za ta ba mu amsa. Inna ta tsufa, so take ta ga yarinyar nan a zaune wuri ɗaya kafin ta rufe ido. Ka zo ka ji da kunnenka, don kada gobe ka ce an yi maka maguɗi."

Ya juya ya fita. Yarinyar da yake magana a kanta shekararta arba'in da huɗu.

* * *

Da la'asar sai ga Auta da leda a hannu. Ba ta shigo ciki ba, a kan bencin masu jira ta zauna, inda duk mai wucewa zai gan ta.

"Malam Tela, an ce Yaya ya zo ya ba ka darasi."

"Ya ba ni. Bulala ce kawai ya manta da ita a gida."

Ta yi dariya, 'yar gajera, irin ta wanda bai samu barci ba.

"Jiya Mai Injuna ya turo 'yan mata biyu da tef har gida. Sun auna ni tun daga wuya har idon sawu, ɗaya na faɗa ɗaya na rubutawa, kamar za a yi mini likkafani. Wai riga zai ɗinka mini ta ran Asabar."

"Allah ya ɗauke musu wuta har Lahadi."

"Yana da janareta."

"To Allah ya san yadda zai yi da janaretan."

"Tela, ka bar wasa." Ta gyara mayafinta. "Ka san ni, bakina ba ya buɗuwa a gaban Yaya. Inna kuma da ta fara kallona da idanun nan nata, sai in ji na koma 'yar shekara bakwai. Shi ya sa na ce musu ni ba zan yi magana ba. Na ce kai ma za ka ɗinka mini riga. Wadda aka ga na fito da ita ran Asabar, ita ce amsata."

Ta buɗe ledar. Yadi ne shuɗi mai duhu, mai laushi, irin wanda in ka ɗora a hannu sai ya zube kamar ruwa.

"Da kaina na zaɓo. Kuma shi ke nan wanda ya rage a kantin, don haka ka bi shi a hankali."

"Auta, kin san abin da kika ɗora mini kuwa?"

"Riga na ɗora maka. Shekara talatin kana yi wa mutane, yau ka yi wa kanka." Ta miƙe. "In turo maka wata rigata ta awo?"

Haka aikinmu yake. Tela namiji ba ya zagaya tef a jikin matar da ba tasa ba. Ita ke turo rigarta da ta zauna mata daidai, a shimfiɗa a kan sabon yadi, a bi da alli, a yanka.

Na ce, "Ba sai kin turo ba. Ina da awonki."

Ta tsaya tana kallona. "Tun yaushe?"

"Ki bar wa tela sirrinsa."

Ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe baki, ta fita da sauri kamar budurwa. Ni kuwa na zauna ina shafa sanƙona, ina jin duk garin nan babu gwanin zance kamata.

Sirrin tela yana ƙarƙashin teburin yanka, a cikin wani tsohon akwatin ƙarfe, ƙasan tarin ƙyallaye. Riga ce 'yar fara mai ƙananan furanni. Auta ce ta turo wa Baba ita a matsayin awo, shekara ashirin da huɗu da suka wuce, lokacin da za a ɗinka mata kayan aure. Da aka gama aka nemi rigar aka rasa. Ni ma na taya nema.

Na fiddo ta, na karkaɗe, na shimfiɗa ta a kan shuɗin yadin. Na ɗauki alli.

Wanda ya fara koyon ɗinki jiya zai hango ramin da ke gabana. Ni da na shekara talatin da almakashi a hannu, na taka da ƙafa biyu na faɗa, ina murmushi.

* * *

Kwana uku na yi a kan rigar nan. Na mayar da masu kawo facin wando, na ce su nemi wani.

Sai da na fara wanke keken tukuna. Na ɗiga masa mai a duk 'yan ramukansa, na ɗaure igiyarsa da ta saki, na sa sabuwar allura mafi siriri da nake da ita. Na matse ɗinkin har ya zama ƙanana ƙanana kamar ƙwayar gero... a'a, gero ma ya yi girma. Kamar sawun tururuwa.

Keken ƙafa ba a yi masa gaggawa. Da hannu kake fara juya masa ƙafar sama, ka ji ya yarda, sannan ƙafafunka su karɓa. In ka kuskure ya juya baya, zare ya tsinke, ku sake gaisawa daga farko. Amma in kun daidaita, kai da shi, kana iya saka allura a daidai zaren da kake so, ka tsaya a tsakiyar numfashi, ka juya yadi, ka ci gaba. Ba shi da maɓallin komawa baya, don haka duk ƙarshen layi da hannu nake ƙulle zaren.

Sau ɗaya na taɓa hawa keken lantarki, a shagon wani abokina. Ƙafata ta saba da lilo, na danna fedar kamar yadda na saba. Abin ya ƙwace yadin ya zura da gudu, bai tsaya ba sai da ya haɗa da hannun rigata ya ɗinke. Da almakashi aka raba mu. Tun daga ranar nake cewa keken lantarki ba shi da tarbiyya.

Ina ɗinki ina tuna wannan, ina tausaya wa Mai Injuna. Shi awa ɗaya ma'aikatansa za su yi su gama, su watsa rigar a leda. Ni kuwa kowane layi sai na bi shi da yatsa.

Baba yana da doka guda da ba ya sassautawa: a bar rarar yadi faɗin yatsa biyu a cikin kowace riga. "Ɗan Adam ba ya tsayawa wuri ɗaya," in ji shi. "Yau ya ƙaru, gobe ya rame." Shekara talatin ina bin dokar nan ga kowa, har ga masu kawo rigar makaranta. Da na zo kan rigar Auta sai na ce wannan ba ta kowa ba ce. Na datse rarar tsaf, na ninke bakin ɗinkin ciki na sake bi, don ko an juya ta ciki waje kada a ga gashin zare ko ɗaya.

Ran Juma'a 'yarta ta biyo ta karɓa. Na naɗe rigar a farar takarda, na ɗaure da ƙyalle.

"Ki gaya wa mamanki kada a buɗe sai gobe da safe."

"Kawu Tela, ba za ta gwada ba?"

"Rigar da na ɗinka ba a gwada ta. Sawa ake yi."

Da yarinyar ta san abin da ke cikin takardar nan, da ta buga mini ita a ka. Da kuwa ta kyauta.

* * *

Ran Asabar falon Inna ya cika. Kujerun roba har bakin ƙofa, 'yan'uwa mata a gefe ɗaya suna magana ƙasa-ƙasa. Kowa ya san zancen rigunan, kowa kuma ya yi kamar bai sani ba.

Hedimasta ne ya tsara zama, don haka ya ajiye ni kusa da Mai Injuna, kamar 'yan jarabawa.

Mutumin ya yi gyaran murya, ya miƙo mini hannu. "Malam Tela, na daɗe ina jin labarin hannunka. An ce ɗinkinka sai yadi ya mutu ya bar shi."

"Haka suke cewa."

"Ni gaskiya ban iya ba. Injuna kawai na iya saye."

Ko faɗa ba ya bari a yi da shi.

Aka yi ta jira. Inna na kan doguwar kujera, an jingina ta da matashi, tana duban ƙofar ɗakin Auta. Hedimasta ya duba agogo sau biyar. Daga cikin ɗakin ana jin motsi, da muryar 'yarta tana cewa wani abu, sai kuma shiru. Na ce a raina, kwalliya ce. Na gyara hulata.

A ƙarshe Hedimasta ya je ya buga ƙofar. "Auta, lokaci ya yi."

Ƙofar ta buɗe.

Koriya. Rigar koriya ce.

Na ƙifta ido na sake dubawa, ko shuɗin ne hasken taga ya canza. Koriya ce shar, da aiki a wuya. Auta ba ta dubi kowa ba. Idanunta sun yi ja.

Hedimasta ya tafa hannu sau ɗaya, kamar an tashi daga taron safe. "Alhamdu lillahi. An ji amsa."

Inna ta miƙa hannuwa biyu, Auta ta durƙusa ta faɗa jikinta. Tsohuwar na kuka tana shafa bayanta tana cewa, "Allah ya yi miki albarka, 'yar auta. Yanzu ko yau aka kira ni, na shirya." Mata suka ɗauki hayaniya.

Mai Injuna bai yi murna a gabana ba. Kansa ya sunkuyar, ya ce a hankali, "Ka yi haƙuri, Malam."

Na ce, "Ba komai," na miƙe. A cikin duk hayaniyar nan sai da aka ji gwiwata.

Takalmin wani na sa na fito. Sai da na kai shago na lura, duka biyun ma na ƙafar hagu ne.

* * *

Washegari da hantsi ina zaune gaban keken, ko zare ban zura ba, sai ga ta. Wannan karon ba ta tsaya a benci ba. Har ciki ta shigo, ta ajiye leda a kan teburin yanka.

"Ga rigarka."

"Ba sai kin dawo da ita ba, Auta. Na fahimci amsar."

"Ba ka fahimci komai ba." Idanunta a kumbure suke. "Zauna ka ji. Kullum kai ne mai shiru, yau shirun naka zai yi amfani."

Na zauna.

"Gari na wayewa na buɗe takardar. Da na ga ɗinkin sai da na nemi wuri na zauna, don hannun Baba na gani. Na rungume ta, Tela. Kamar mahaukaciya na rungume riga. Sannan na sa kai, ya shiga. Na sa hannu ɗaya, ya tsaya a nan." Ta nuna damtsenta. "Na ce ko zif ne ban buɗe duka ba. Na kira 'yata. Tana ja ina riƙe numfashi, tana ja ina riƙe numfashi. Awa guda! Kuna falo kuna jira, ni ina ɗaki rabina a cikin riga rabina a waje, kamar akuyar da ta maƙale a shinge. Har roƙon Allah na yi ɗinkin ya saki ko wuri ɗaya ne, in rufe da mayafi in fito. Ko zare ɗaya bai motsa ba."

Na ji falon Inna ya dawo mini, da motsin nan na bayan ƙofa da na kira kwalliya.

"Daga ƙarshe yarinyar ta cire mini ita da ƙyar, ta kara a jikinta gaban madubi. Ka san me ta ce? Ta ce, 'Mama, wannan ai awona ne.'"

Hawaye suka zubo mata. Ba ta share ba.

"A ina ka samo awon?"

Na durƙusa na jawo akwatin ƙarfen, na ɗaga ƙyallayen, na miƙa mata 'yar farar rigar.

Ta daɗe tana kallonta. Ta juya ta, ta taɓa wani ɗan faci a gefen aljihu.

"Kwana biyu aka yi ana neman rigar nan. Har mari Inna ta yi wa mai wanki."

"Na sani. Ina wurin."

"Da ka ce kana da awona, na tafi gida ina jin kunya ina jin daɗi. Na ce ashe duk shekarar nan da mutumin nan yake zuwa gaida Inna, kallona yake yi har ya haddace ni. Ashe ba ni kake kallo ba."

"Ke nake kallo, Auta. Wallahi ke."

"Wannan kake kallo!" Ta girgiza rigar a gabana. "Wannan yarinyar ba ta haihu ba. Ba ta yi ɓari biyu ba. Ba ta wanke namiji a kan gado shekara shida ba, tana canza masa zani yana ba ta haƙuri da ido. Ba ta shan ƙwayar hawan jini. Ni ma ina sonta, Tela, na fi ka kewarta. Amma ta tafi tuntuni. Ni aka bari, kuma ni na kawo maka yadi."

"To me ya sa ba ki sa wata rigarki ta da ba? Ko wacce. Da an ce ba ki zaɓa ba tukuna."

"Na ɗauko. Allah ya sani na ɗauko, tana hannuna. Sai na ga ta Mai Injuna a rataye. Na ce bari dai in gani, ko ni ce na lalace har riga ba ta shiga ta. Na sa." Ta haɗiye kuka. "Ta zauna. Ba ta matse ni ba, ba ta kunyata ni ba. Ɗinkin ko ƙafar naka bai kama ba, zare ma na leƙowa a hammata. Amma da ni aka yi ta. Ni ɗin nan, da tumbina da komai. Ina tsaye gaban madubi ina kuka Yaya ya buga ƙofa. Haushinka ne ya fito da ni. Kafin haushin ya huce, Inna ta riga ta rungume ni."

Na zabura na fizgo ledar. "Zan buɗa ta. Ba ni minti ashirin."

"Tela..."

"Minti goma!"

Na juya rigar ciki waje, na nemi rarar da zan saki. Babu. Na bi gefen dama, na bi na hagu, na duba hammata. Tsaf, kamar an lashe. Ban taɓa yin aiki mai kyau irin wannan ba a rayuwata.

Duk da haka na ɗauki reza. Na ce zan farke gefen, in nemo wani yadi in yi ƙari. Da ɗinkin injunan Mai Injuna ne, zare ɗaya za ka samu ka ja, layin gaba ɗaya ya biyo ka. Na keken Baba kuwa kowane ɗinki a ƙulle yake da ɗan'uwansa, ni kuma na matse su har babu wurin sa bakin reza. Na tsinke ɗaya. Na tsinke biyu. Na ƙara ƙarfi. A na biyar rezar ta zame.

Yadin ya yi wata 'yar ƙara, kyat, ya tsage daga hammata har ƙugu.

Muka tsaya muna kallonsa mu biyu.

"Bar ta," in ji Auta a hankali. "Ko ka buɗa ta, Asabar ta wuce."

"Ki gaya musu kuskure ne. Ni zan je in faɗa da bakina, a gaban Yaya. Ya zage ni, na cancanta."

"In gaya wa Inna? Jiya ta ci abinci har ta nemi ƙari. Rabon da ta yi haka tun kafin a kwantar da ita asibiti. Da safen nan da kanta ta taka har tsakar gida, ba sanda." Ta girgiza kai. "Yau da la'asar 'yan'uwan Mai Injuna za su zo wurin Yaya."

"Kina sonsa?"

"Ban ƙi shi ba. A shekaruna wannan ma wani abu ne."

"Ni fa?"

"Kai ka sani. Kada ka sa in faɗa, yanzu faɗarsa zunubi ce."

Na ji wani abu na bin kumatuna. Na sa bayan hannu na goge, na shafa wa fuskata man keke. A da, da ta yi dariya. Yau kallona kawai ta yi, wani sabon kukan ya zo mata.

Daga waje aka yi hon, sau ɗaya, a hankali, kamar mai neman gafara.

"Shi ne ya kawo ni," ta ce. "Na gaya masa inda zan je da abin da zan kai. Ya ce in ɗauki duk lokacin da nake so."

"To me ya sa yake hon?"

"Ba shi ba ne. Mai kaya ne ke son wucewa."

Ko wannan ɗan abin tsanar ma bai bar mini ba.

Ta ninke 'yar farar rigar gida huɗu, ta sa a jakarta. "Wannan tawa ce. Ka riƙe ta ya isa."

Ta juya ta nufi ƙofa. Hasken titi ya zagaye ta, kuma a karo na farko tun da ta dawo garin nan na dube ta yadda nake duban duk wanda ya kawo mini yadi. Na ga furfura ta leƙo a bakin ɗankwali. Na ga bayanta ya faɗaɗa, wuyanta ya ɗan ranƙwafa. Na ga yadda take sauke ƙafar dama kafin ta hagu. Wata mace ce da ban taɓa aunawa ba, kuma a tsaye a wurin na gane ta fi yarinyar akwatin nan kyau nesa ba kusa ba.

Akwai kalmomi dubu da namiji ke faɗa a irin wannan lokaci. Ni ga abin da ya fito daga bakina:

"Kafaɗarki ta hagu ta fi ta dama sauka. Da rabin inci."

Ta tsaya cak, ba ta juyo ba.

"Ta wannan gefen kike tallafe shi in za ki ɗaga shi, ko ba haka ba? Koriyar rigar za ta riƙa ja miki a wuya ta nan. 'Yan matan ba za su gani ba, tef ba ya faɗar irin wannan. Ki ce su ɗage kafaɗar su sa ɗan ƙyalle a ciki."

Ta ɗora hannu a kan kafaɗar. Na ga bayanta na girgiza.

"Jiya wuni na yi ina gyara wuyan rigar nan," ta ce. "Shekara takwas kafaɗar nan na ciwo. Ko 'yata da ta karanta jinya ba ta lura ba."

"Auta, ki ba ni kwana ɗaya."

Ta juyo rabi. Fuskarta jiƙe sharkaf.

"Da ka gani kafin ka sa almakashi, Tela."

Ta fita.

Ban bi ta ba. Ina tsaye da yagaggiyar riga a hannu ɗaya, reza a ɗayan, na kasa kunne. Na ji takunta a kan dakali. Na ji an buɗe ƙofar mota.

Na jira in ji ta rufe.

Ta daɗe ba ta rufe ba. Ta daɗe har na ajiye rezar. Ta daɗe har na taka ɗaya, na taka biyu, na kai hannu ga labulen ƙofa.

Sannan ta rufe.